Na Sayo Na'ura Ban Karanta Bayaninta Ba

A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni saurayi ne ɗan ashirin da 'yan kai, kaina na rawa, ga difloma ta kwamfuta da nake ji da ita kamar ni na fara yin ta a Kano. Ina zaune gidan mahaifina a Zawaciki, kullum da safe in hau acaɓa zuwa Challawa, inda nake aiki a wani kamfanin jimar fata a matsayin mai kula da sito. Safar hannu, takalmin roba, bel ɗin inji, ƙusoshi, duk abin da za a saya ko a fitar ta hannuna yake bi. Edita, ina roƙonku kada ku sa sunana, ni ma ba zan kama sunan kowa ba, domin wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu. A lokacin, cikin kamfanin nan kaf, daga manaja har mai gadi, babu wanda ya iya shiga intanet sai ni. Wannan abu ya fasa mini kai ƙwarai. Ni mutum ne mai saurin baki, in na samu abin tsokana ba na iya haɗiye shi, kuma ina son a yi dariya in na yi magana. Mahaifiyata ta sha gaya mini cewa bakin nan nawa wata rana sai ya ja mini abin da ya fi ƙarfina, ni kuwa sai in yi dariya in wuce.

Wanda bai ga zamanin ba ba zai gane yadda sayayya ta intanet take a shekarun dubu biyu da 'yan kai ba. Babu ita a waya. Sai ka tafi kafe, ka sayi tikitin awa ɗaya, ka zauna gaban kwamfuta, wani ɗan agogo a gefen allo yana cinye maka lokacinka. Shafi ɗaya kafin ya buɗe sai ka yi hamma biyu, in kuma aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareto abin da ka buɗe ya tafi. Ni wani kafe nake zuwa a Sharaɗa. In wani ƙarfen inji ya gagara samuwa a kasuwa, manaja sai ya ture ni can in nemo, in tura adireshin shafin ta imel wa ƙanin mai kamfanin da ke zaune a ƙasar waje, shi ya biya, ya ba wani mai tahowa ya kawo. Da yake lokaci ne abin tattali, sai na ƙago wa kaina dabara wadda har alfahari nake da ita. In rubuta sunan abu, in dubi hotuna uku na farko, in ɗauki wanda aka fi yabo kuma zai iso da wuri, shi ke nan. Dogon Turancin da ake zubawa a ƙarƙashin hoto kuwa ba na ko kallonsa, ina cewa surutun 'yan talla ne. Sau da yawa na yi haka na dace, har manaja yana nuna ni ga baƙi yana cewa wannan yaron abin da wasu ke kwana uku suna nema, shi kafin shayi ya huce ya samo.

A bayan kamfanin akwai wani rami mai zurfi da aka gina da siminti, ya kai gaba uku, inda duk dagwalon ruwan jima yake taruwa kafin ya wuce. Gashi, kitse, tsokar da aka kankare daga fata, da magungunan da ake jiƙa fatun a ciki, duk can suke kwanciya su zama wani baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ya cika dole a tsayar da gangunan da ke juya fatu, a janye ruwan sama, mutum ya sauka da shebur yana cika bokiti ana ja. Mutum ɗaya ne yake sauka, wani dattijo daga wani ƙauye da ke kusa da Challawa, wanda kowa ke ce wa Baba. Ginin rijiya ne gadonsa, sai da ƙarfi ya fara ja baya ya kama wannan aiki. Siriri ne, gemunsa fari fat, ba ya da yawan magana sai da ni. Tun ranar da ya ji cewa kakana sa'ansa ne ya ce to ya samu jika, muka ƙulla wasa. Shi ya ce da ni Malam Kwamfuta wanda bai san inda gero ke fitowa ba, ni in ce masa tsoho mai ran ƙarfe, yaushe za a bar mana duniyar mu huta. In ya zo karɓar takalmin roba sai ya ajiye mini goro ko gyaɗar gonarsa a kan tebur, ya ce in ci in yi ƙiba ko wata ta tausaya ta aure ni. Wallahi ina son tsohon nan, wannan kam ban taɓa shakka ba.

Baba yana da tsarinsa da ba ya karyawa. Ranar yasar rami, sai ya sa a buɗe murfi tun da sassafe. Ya ɗauko doguwar gora ya dama taɓon daga sama, ya dama sosai. Sannan ya sa kaza mai rai a kwando, ya zura ta da igiya har kusa da taɓon, ya ɗaure igiyar, ya koma gindin darbejiya ya zauna yana jan carbi kusan awa guda. In ya jawo ta tana raye tana ƙifta ido, sai ya ɗaura igiya a ƙugunsa ya yi bisimilla ya sauka. In ya ga ta yi laushi, ranar babu mai sa shi sauka ko mai kamfanin ne da kansa, sai dai a yi ta zura damin ganye ana jawowa ana kaɗa iska har washegari. Yakan ce a rijiya fitila ake zurawa, amma wannan ramin mugun numfashinsa ba ya kashe fitila, mai rai yake kashewa, don haka sai mai rai ne zai ba da labarinsa. Kamfani ne ke sayen kazar, kuma in ta fito lafiya, al'ada ta riga ta zauna cewa Baba ne ke tafiya da ita gida. Manaja ya tsani wannan awa ɗayar, domin ganguna a tsaye suke, ma'aikata suna zaune. A bayan idon Baba kuma akwai masu raɗe-raɗin cewa tsoho dai ya samo hanyar cin nama.

Wata rana manaja ya kira ni ofis ya ce Turawan da ke sayen fatunmu za su zo duba kamfani, kuma ya ji suna tambayar yadda ake kare lafiyar ma'aikata. Ya ce abin kunya ne su zo su tarar da kaza a kwando kamar gidan boka, ya ji akwai wata na'ura da ke sansano mugun gas ta yi ƙara, in je in nemo ta yau ɗin nan, domin akwai mai tahowa daga wurin ƙanin mai gida cikin mako. Na ce masa an gama. Na tafi kafe na sayi awa ɗaya. A nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Awar nan, fiye da rabinta a karatun labarin ƙwallo na cinye ta, da rubuta wa wata yarinya da nake nema doguwar wasiƙa ina ta gyara kalmomi. Sai da na ga agogon ya kusa cinyewa sannan na tuna abin da ya kawo ni. Na rubuta abin da nake nema, hotuna suka fito. Akwai guda biyu masu kama da juna, duka ruwan ɗorawa, girman tafin hannu. Ɗaya ta fi tsada kuma sai an jira, ɗayar tana da yabon masu saye rututu kuma a shirye take. A ƙarƙashinta akwai wurin da za a danna a buɗe littafin bayaninta. Na danna, Allah shaida na danna. Ya fara buɗewa a hankali, layi yana tafiya kamar hawainiya, ya kai rabi ya tsaya. Na dubi agogo, na dubi mai kafe. Kuɗin ƙarin rabin awa yana aljihuna, bai fi na kwanon abinci ba. Sai na yi tsaki na ce gas ai gas ne, na rufe, na tura adireshin, na fito ina fito da baki.

Ba a yi kwana goma ba ta iso. Wanda ya kawo ta ya yar da kwalinta da takardunta saboda nauyin kaya, ya naɗo ta cikin riga. Ban damu ba, maɓalli ɗaya ne da ita, ka danna ta kawo koriyar wuta. Manaja ya tara ma'aikata a tsakar kamfani ya ce in gwada. Na karɓi laita a hannun wani mai shan taba, na danna mata gas ba tare da na ƙyasta ba, na kara a hancin na'urar. Ai kuwa sai ta canyara ƙara, wutar ta koma ja. Wuri ya kaure da tafi da kabbara. Muka je wurin mai walda muka gwada da tukunyarsa, nan ma ta yi kuka. Wa zai sake tambaya? Manaja ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce daga yau an gama da zancen kaza. Baba yana tsaye a gefe, ya karɓi na'urar ya jujjuya ta, ya tambaye ni cikin natsuwa ko an gaya mata irin numfashin wannan ramin, domin shi a saninsa na laita daban, na rami daban. Tambayar da ya kamata in yi wa kaina ke nan a kafe, tsohon da bai taɓa zama a aji ba ya yi mini ita a tsaye.

Da na ce ban sani ba, bari in koma in duba, da yau ba na rubuta muku wannan wasiƙa. Amma ga jama'a, ga manaja, ga kaina da ya riga ya kumbura. Sai na ɗaga murya na ce jama'a ku ji Baba, ba ramin yake ji ba, romon kaza yake ji zai wuce shi, a yi haƙuri a riƙa saya masa ko ƙafafu ne. Aka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki. Na saba tsokanarsa ya rama, shi ya sa na tsaya ina jiran ramuwa. Bai rama ba. Ya yi mini wani irin kallo, ba na fushi ba, ya miƙo mini na'urar da hannu biyu. Ya ce shekararsa sittin da wani abu bai taɓa cin abin da ba nasa ba, in dai har ana ganin don kaza yake yi, to ya bar ta har abada, jikansa ya yi karatu, shi kuwa bai yi ba, abin da masu karatu suka ce shi za a yi. Ya juya ya tafi. Na ji wani abu ya ɗan soke ni, amma na ce gobe zan ba shi haƙuri. Washegari ya ajiye mini goro kamar kullum, sai na ɗauka magana ta wuce.

Sau biyu aka yashe ramin da na'urar, lafiya lau. Ni nake zura ta da igiya, in ƙirga minti biyar a agogon hannuna, in jawo, in ce koriya ce, Baba ya sauka. Ko damun taɓon da gora an daina, domin manaja ya ce ɓata lokaci ne. Turawa suka zo suka gani daga nesa suka gyaɗa kai suka wuce. Yanzu na san sa'a ce kawai ta raka mu, domin lokacin aiki ya yi sauƙi, taɓon bai taru ba. Sai Babbar Sallah ta zo. Duk wanda ya san Challawa ya san bayan layya fatu ke kwararowa mota-mota, ganguna ba sa tsayawa. Ramin ya cika ya tumbatsa, ga zafi, ga shi a rufe kwana da kwanaki. Wata Talata da hantsi ruwa ya fara dawowa cikin kamfani, manaja ya fito yana faɗa ya ce a yashe shi yanzu-yanzu, fatu na jiƙe za su lalace. Aka janye ruwan sama, na zura na'urar, ta yi shiru, koriyar wutarta tana ci. Baba ya durƙusa a bakin ramin ya shaƙa, ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce mini shi fa abin bai kwanta masa ba, da farko ya ji wari mai ƙarfi, yanzu kuma ya daina ji gaba ɗaya, kuma a saninsa ramin da ya daina wari shi ne abin tsoro. Na nuna masa koriyar wutar, na ce Baba hancinka ne ya tsufa. Ya yi murmushi ya ce to Malam Kwamfuta, Allah ya sa haka ne.

Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya yi bisimilla, ya kama tsani. Na bar na'urar tana lilo a gefensa don in ta ji wani abu ta yi ƙara. Ina kallonsa daga sama, farar hularsa tana ƙara nisa. Ya taka taɓon, ya kafa shebur ya ɗago na farko ya zuba a bokiti. Ya kafa na biyu. Bai yi ihu ba, bai kira kowa ba, bai ko ɗago kai ba. Gwiwoyinsa kawai suka lanƙwashe, ya kife a kan shebur ɗin kamar mai sujada. Wani ƙato daga cikin masu jan bokiti ya yunƙura zai dira, sauran suka rirriƙe shi, domin Baba da kansa ya sha yi musu kashedi cewa ko shi ne ya faɗi kada wanda ya biyo shi, igiya za a ja. Muka ja. Ban san nauyin mutum ba sai ranar. Ya fito baƙi ƙirin da taɓo, idonsa a buɗe, muka kwara masa ruwa, ana salati, ana kiran sunansa, ana danna ƙirjinsa. Aka sa shi a motar ɗaukar fata aka nufi asibiti, kafin a fita daga Challawa rai ya yi halinsa. Ni ban bi motar ba. Na koma bakin ramin na jawo igiyar na'urar. Ta fito tsaf, ba ta ce uffan ba, wutarta koriya shar.

Aka yi jana'iza a ƙauyensu bayan la'asar. Kowa cewa yake ajali ne, kwana ya ƙare. Manaja ya ce ai na'ura ta nuna babu gas, ƙila zuciyarsa ce ta buga, dama tsufa ya zo. Mutane suka karɓa, har wasu na cewa Allah ya sa da an gwada, da sai a zargi kamfani. Ni ma na so in karɓa, na yi ta gaya wa kaina haka har kwana shida. A na bakwai na kasa, na hau acaɓa na tafi kafen nan na Sharaɗa, na sayi awa ɗaya, na nemo shafin, na danna wurin da na danna a baya. Wannan karon na naɗe hannu na jira. Edita, ko minti huɗu bai cika ba ya buɗe. A shafi na biyu, cikin manyan baƙaƙe, a cikin akwatin da aka zagaye da jan layi, an rubuta cewa wannan na'ura ta gano yoyon gas ɗin girki ce da makamantansa masu kama wuta, ba ta jin iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma kada a kuskura a dogara da ita wajen shiga rami ko kwata ko rijiya. Ɗayar da na tsallake saboda tsada da jira, ita ce ta aikin. Na karanta ya fi sau goma. Mai kafe ya zo ya taɓa ni ya ce Malam lafiya, ya ga ina ta zufa alhali fanka tana kaina. Na ce masa zazzaɓi ne.

Ban gaya wa manaja ba, tsoro ya hana ni. Tsoron 'yan sanda, tsoron kora, kuma fiye da komai tsoron a nuna ni a ce ga wanda ya kashe Baba. Abin da na iya yi shi ne na ɗauki na'urar na sa mata guduma a cikin sito, na ce ta faɗi ta fashe. Da aka samo wani mai ginin rijiya zai ci gaba da aikin, na je kasuwa da kaina na sayo kaza, na ce kafin a sayo wata na'urar a yi yadda aka saba. Na ɗauki gorar Baba, tana nan jingine inda ya bar ta, na dama taɓon yadda na sha ganin yana yi, na zura kwandon. Ban kai ga zama ba na ji fuka-fukanta sun buga sau biyu, sai shiru. Na jawo ta wuyanta ya langaɓe. Ma'aikata suka yi cirko-cirko, na ga wasu sun dube ni sun kawar da kai. Na san sun tuna dariyar ranar nan, domin da su aka yi ta. Ban ƙara wata biyu a kamfanin ba na ajiye aiki na koma wani kamfanin roba a Bompai, na ce albashin can ya fi.

Nisan bai raba ni da komai ba. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na yi furfura, amma har yau in na ga koriyar wuta a jikin caja ko mita sai gabana ya faɗi. Naman kaza ba ya wuce mini maƙogwaro, matata ta ɗauka ƙyanƙyami ne. Tsokanar da aka san ni da ita ta mutu, har abokai na cewa na zama ustazu. Wani lokaci ina tsakiyar sallar azahar sai in ga farar hular nan tana sauka. Bayan shekaru na kasa jurewa, na shirya na tafi ƙauyen da niyyar in durƙusa gaban matar Baba in faɗi gaskiya, duk abin da za a yi mini a yi. Na same ta ta tsufa, idonta ya yi rauni, tana zaune a kan tabarma tana tsince wake. Da na ce ni ne yaron sito, sai ta ce Allah sarki, jikan Malam ne, ta sa aka kawo mini ruwa da fura. Ta ce kullum yana zancena, yana cewa yaron akwai kai, sai dai baki. Ina tattara kalmomin da zan fara da su, sai ta ce akwai abin da ba ta manta ba. Wai duk ranar da ya san ramin ya kusa cika hankalinsa ba ya kwanciya, kuma a safiyar da zai rasu, har ya kama ɗaya daga cikin kajinta ya ɗaure mata ƙafa zai tafi da ita. Ya kai zaure ya tsaya, ya daɗe, sai ya kwance ta ya sake ta. Ta tambaye shi dalili, ya ce in ya je da ita kamar ya ƙaryata jikansa ne a gaban iyayen gidansa, yaro ne yana farkon aiki, bai kamata a kunyata shi ba.

Na zauna riƙe da kwanon fura. Ta ɗaga hannu ta yi ta sa mini albarka, tana cewa ta ji labarin ni na nemo abin da zai kare mijinta, na yi iya yina, sai dai kwana in ya ƙare babu na'urar da ke tsayar da shi. Na amsa da amin, na ajiye abin da na kawo, na fito. Ban faɗa ba. Na ce zan dawo in na samu ƙarfin zuciya.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka. Amma malamai sun gaya mana ƙaddara ba ta ɗauke wa mutum alhakin sakacinsa, kuma ni na san nawa. Abin da ya sa na rubuto shi ne, yanzu kowa kasuwa tana cikin wayarsa. Ina ganin 'ya'yana da ƙannena suna shafa allo, su ga hoto, su ga yabo, su danna, suna murnar ba su ɓata lokaci ba. In takalmi ne ko hula, to, in bai yi ba a canja. Amma magani, ko wayar wuta, ko kan tukunyar gas, ko duk abin da wani zai jingina ransa a kai, don girman Allah ku tsaya ku karanta har ƙarshe, musamman wurin da aka rubuta abin da kayan ba ya yi. Yabon masu saye ba ya gaya maka ko aikinku ɗaya da su. In ba ku gane ba ku tambayi wanda ya sani, in kuma wanda ya daɗe a sana'a ya yi muku tambayar da ba ku da amsarta, ku ce ba ku sani ba, faɗin haka bai taɓa kashe kowa ba. Kada kuma ku mayar da taka-tsantsan ɗin dattijo abin dariya, domin akwai mutanen da sun gwammace su shiga halaka da a ce da su makwaɗaita.

Ni minti huɗu na yi wa tsimi. Bara na sake shiryawa na koma ƙauyen, na ce wannan karon ko me zai faru sai na faɗa. Na tarar an yi sadakar arba'in ɗin matar Baba da kwana uku. Babban ɗansu ya riƙe hannuna ya ce har cikin jinyarta tana tambayar jikan Malam, tana cewa a gaya masa ta gode. Ku taya ni roƙon Allah gafara, domin mutum biyun da ya kamata in roƙa duk sun tafi, kuma kowannensu ya tafi yana ganina mutumin kirki.